Malam Mahadi Mai Sauraron Ƙasa

In aka idar da sallar asuba a Ƙarfi, kowa da inda ƙafarsa ke kai shi. Masu gona su wuce gona, masu shayi su nufi teburin mai shayi, masu komawa barci kuma su saci jiki su koma, Allah na ganinsu. Shi kuwa Malam Mahadi, malamin labarin ƙasa a makarantar sakandare, gida yake komawa. Yakan tuɓe takalmansa tun daga zaure, ya bi gefen katanga yana sanɗa, har ya isa wani ɗan ɗaki da ya gina a kan falalen dutsen da ke bayan gidansa. Ba ya tari a wurin, ba ya gyaran murya. Sai ya leƙa ta ƙaramar taga ya tabbatar ƙadangare bai kwana a ciki ba, sannan ya zauna a waje, ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa, ya duba abin da ƙasa ta yi tun jiya. Sai ya gama wannan yake shan kokonsa, ya tayar da babur ya tafi makaranta.

Haka yake yi shekara da shekaru. A ƙarshen zangon nan zai ajiye alli, bayan shekara talatin da 'yan kai yana koyarwa, kuma in ba a tashi tsaye ba, da lemon kwalba ɗaya da "Allah ya saka da alheri" za a sallame shi. Mu dai an san mu da iya yabon gawa. Sai mutum ya bar duniya ake tuna yana da kirki, har waɗanda ba su taɓa amsa gaisuwarsa da kyau ba su riƙa share ido. To, wannan yabon na mai rai ne. Ya karanta da idonsa, in ya ga dama ya ji kunya.

Abin da ke cikin ɗakin nan, in ka gan shi, ko 'yan gwangwan sai sun yi shawara kafin su ɗauka. Sandar ƙarfe ce mai tsawon kamu biyu, an rataye ta a kwance yadda za ta iya lilo hagu da dama, an ɗaura mata dunƙulen darma a baki. Kusa da bakin akwai maganaɗisun da Malam ya ciro daga wata matacciyar lasifika, da naɗin siririyar wayar tagulla da ya warware daga tsohuwar fanka. A ƙasa kuma gwangwanin madara ne cike da baƙin mai, don kada sandar ta yi ta lilo ta ƙi tsayawa. In ƙasa ta motsa, ko da motsin bai kai kaurin gashi ba, dutsen zai motsa tare da ita, sandar kuwa saboda nauyinta sai ta yi jinkirin bi. Wannan ɗan saɓani tsakanin dutse da sanda shi waya ke kai wa kwamfuta, kwamfuta ta zana shi a layi. In layin ya miƙe, ƙasa na kwance lafiya. In ya kama karkarwa, wani abu ya taka ta. Masana suna da dogon sunan da suke kiran irin wannan na'ura, amma mutanen Ƙarfi Kunne kawai suke ce mata.

Wadda ta fi kowa shan wahalar wannan ilmi ita ce maiɗakinsa, Lauratu, domin falalen dutsen nan wurin shanyarta ne. A nan take baza barkono da kuɓewa da tsakin masara tun tana amarya. Ran da ya ce zai gina ɗaki a kai, ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Malam, mutane akuya suke gina wa ɗaki ta haihu. Kai kuma ƙarfe za ka gina wa?" Bai tsaya nan ba, sai da ya roƙe ta ta mayar da turminta can ƙarshen gida, wai dakanta na cika wa Kunne kunne. Ta mayar, tana mita. Har yau in ta so tsokanarsa, sai ta ɗaga taɓarya ta maka da ƙarfi, ta ce tana gaishe da ɗan gida ne.

A watannin farko komai girgizar ƙasa ne a wurin Malam. Duk ranar kasuwa sai ya ga layi ya haukace, ya fito yana salati, ashe manyan motocin masara ne ke wucewa zuwa Funtuwa. Sannu a hankali ya koyi tantance baƙinsa. Ya gane zanen daka, ya gane na injin niƙa, ya gane na garken shanu in an koro su da yamma, har ya kai in ya dubi layi yakan ce yau maƙwabta sun yi baƙi, don dakansu ya wuce na kullum. Sai wata rana ya ga wani zane da bai yi kama da ko ɗaya ba. A hankali ya fara, ya lafa, ya sake tasowa, sannan ya yi ta kaɗawa a natse na kusan sa'a guda, alhali ba wanda ya ji komai a garin, ko kaji ba su firgita ba. Washegari rediyo ta ce an yi girgizar ƙasa a wata ƙasa can bayan teku. Lauratu ta shaida cewa ranar ya shanye kokonsa ba sukari bai lura ba, kuma ya tafi makaranta ba hula.

Duk wanda ya bi ta ajinsa tun daga lokacin ya san labarin mai babur da mai jaki. Malam yakan ce in ƙasa ta girgiza a nesa, motsi iri-iri ne ke tasowa lokaci guda su ratso cikin ƙasa. Na farko mai sauri ne, shi ne mai babur. Na biyu mai nawa ne, shi ne mai jaki. In daga Bakori suka taso tare, mai babur ba zai daɗe da sauka ba mai jaki zai iso. In kuwa daga Legas suka taso, sai mai babur ya ci ya sha ya yi barci kafin a hango kunnen jaki. Saboda haka tazarar da ke tsakanin isowarsu ita ke faɗa maka nisan inda suka fito. Don ya sauƙaƙa wa yara, ya ari zaren ɗinkin hula a wurin Lauratu, aron da ba a mayar ba har yau, ya yi masa ƙulle-ƙulle, kowane ƙulli yana nuna nisan da ke haifar da tazarar minti ɗaya. Yana da taswirar duniya irin mai kama da ƙwallo, ya soka allura a inda ya kamata Ƙarfi ta kasance, tunda masu taswirar sun manta da mu, ya ɗaura zaren a jikin allurar. In ya ƙirga mintocin tazara, sai ya kama ƙullin da ya dace ya zagaya da shi a jikin ƙwallon. A wani wuri a kan wannan zagayen abin ya faru. Kullum yakan ja musu kunne cewa zaren ba ya faɗin gari, nisa kawai yake faɗa.

Kai ne, Malam, ka ƙi zama boka alhali ƙofa a buɗe take. Da labarin Kunne ya bazu, an zo maka daga Maska, an zo daga Bakori. Wani ya ce ka duba masa yadda damina mai zuwa za ta kasance, wani ya ce ka nuna masa inda zai haƙa rijiya, wani ma cewa ya yi ko Kunne ya ji takun ɓarawon da ya kwance masa tunkiya. Da ka so, da yanzu raguna sun cika maka gida. Amma amsarka ɗaya ce ga kowa: Kunne abin da ya riga ya faru yake ji, na gobe kuwa sai Allah. Wasu sun tafi suna cewa to mene ne amfaninsa, kai kuma ka bar su da tambayarsu, ka koma ka kori gizo-gizon da ya yi saƙa a jikin sanda.

Amfanin nasa ya bayyana ne a kakar shekarar da aka rufe layukan waya a yankinmu saboda matsalar tsaro. Wanda ya ga lokacin ya san yadda aka yi. Waya ta koma fitila da agogo. In kana son jin muryar wani naka da ke nesa, sai ka shiga mota ka tsallaka iyakar jiha, ka tsaya a bakin titi kana ɗaga hannu sama.

Katanga ɗaya ce ta raba gidan Malam da na Hajo mai waina. Hajo daga cikin Fulanin nan take da suka daɗe da zama a gari, waɗanda Fillanci ya gudu ya bar musu kunya kawai. Mijinta ya rasu da daɗewa, da tandar waina ta raini 'ya'yanta. Ɗanta na fari, Jibril, ɗalibin Malam ne, kuma ya samu gurbin karatu a Madina. To, kowa ya san tsakanin irin su Hajo da ɗan fari. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba a taɓa ganin ta yabe shi ko ta nuna damuwa da shi a gaban mutane ba. Ran da zai tafi, unguwa duk ta raka shi tasha, ita kuwa tana gida tana kankare tanda kamar ba abin da ke faruwa. In aka tambaye ta labarinsa, sai ta kau da kai ta ce, "Su wancan? Suna can." Lauratu ce kawai ta san cewa duk Juma'a Hajo na ƙulle wayarta a bakin zani tun safe, tana jiran kiran da in ya zo ba ta cewa komai sai "To" da "Madalla." Da aka rufe layi, wannan "To" ɗin ma ya gagara, makonni suka yi ta wucewa ba ta ji muryarsa ba.

Wata Lahadi, gab da la'asar, Maitama direba ya dawo daga Zariya, inda layi ke kamawa. A can ya ga hoton bidiyo a wayarsa, mutane na gudu suna fitowa daga dogayen benaye, an ce girgizar ƙasa ce aka ji a Dubai. Da ya sauke fasinja, ya ba da labari a tasha, ya ce ƙasa ta girgiza a ƙasar Larabawa. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin ta isa masallaci ta zama Saudiyya, kafin ta isa bakin famfo ta zama Madina, har an fara ƙirga benayen da suka rushe. Bayan an sallame sallar la'asar wani ya matso kusa da Malam ya ce, "Malam, Kunne ya ji wani abu yau kuwa?" Malam bai san abin da ake ciki ba, ya faɗi gaskiyarsa. "Ya ji, wajen azahar. Mai ɗan ƙarfi ne ma." Shi ke nan, jita-jita ta samu shaida, kuma shaidar da ba a taɓa kamawa da ƙarya ba.

Yana shiga zaurensa Lauratu ta tare shi, murya ƙasa-ƙasa.

"Malam, Yaya Hajo na ciki. Wai aron rariya ta zo."

"To, ki ba ta mana."

"Na ba ta, ba ta tafi ba. Gyalen unguwa ne a jikinta, da takalmin Sallah. Wai za ta bi Maitama in zai koma Zariya yanzu, shinkafar wainarta ta ƙare."

"Shinkafar da aka sussuka mata a makon jiya?"

"Ita fa. An ce kai ka ce Madina ta girgiza."

Malam ya leƙa waje ya dubi inda rana take. A lokacin, in rana ta yi sanyi, maza masu gemu ma sai sun yi tunani biyu kafin su hau hanyar nan, balle dattijuwa da za ta sauka a Zariya da magariba ba ta san kowa ba, don kawai ta tsaya a bakin titi ta ɗaga waya. Kuma ya san maganarsa ce ta ɗaura mata gyalen.

Bai shiga tsakar gida ba, ya zagaya ta baya ya buɗe kwamfuta. Zanen ya ɗan cakuɗe, kamar girgiza biyu ce ta hau kan juna, don haka bai yarda da awon farko ba. Ya nemo inda mai babur ya sauka, ya nemo inda mai jaki ya iso, ya auna, ya sake aunawa, ya kuma sakewa yana addu'a a ransa kada son zuciya ya ja masa hannu. Duk awon ya tsaya a wajen minti bakwai. Sai a lokacin ya saki numfashi, domin ya san inda ƙulli na bakwai ke kaiwa.

Saura babban aikin. Yaya za ka ba da amsa ga wanda bai yi tambaya ba, kuma ba zai taɓa yi ba? In ya fita ya ce, "Maƙwabciya, kwantar da hankalinki, Jibril na lafiya," ya tuɓe mata zani a kasuwa. Za ta ce wa ya tambaye shi, ita shinkafa za ta saya, kuma don ta tabbatar da hakan sai ta shiga motar. In kuwa ya yi shiru, nan ma motar za ta shiga. Daga tasha ana jiyo ƙahon Maitama yana kiran fasinja.

Sai ga Malam ya fito tsakar gida, ƙwallon duniya a hammata, kwamfuta a hannu. Hajo na zaune a bakin tabarma ta ba shi baya, rariya a cinyarta, tana ta juya ta. Ya gaishe ta gaisuwar kullum, ta amsa ba ta waiwayo ba. Ya zauna nesa kaɗan, ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba.

"Lauratu, gobe Litinin ina da darasi, idona kuma ba ya ganin ƙullin nan sosai. Zo ki riƙe mini zare."

Lauratu ta shekara ashirin tana jin labarin mai babur da mai jaki, ko cikin barci aka tashe ta za ta karanta shi. Amma ranar ta zama daƙiƙiyar aji. Ta durƙusa ta kama zaren ta ce, "Ni fa, Malam, har yau ban gane abin nan ba. Faro mini daga farko."

Ya faro daga farko, bai tsallake ko kunnen jaki ba. Ya nuna mata zanen yau, ya ce ga inda na farko ya iso, ga inda na biyu ya iso, tsakaninsu minti bakwai. Ya ce ta ƙirga ƙulli bakwai daga allura. Ta ƙirga da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya. Rariyar da ke cinyar Hajo ta daina juyawa.

"To, Malam," in ji Lauratu, "misali Madina fa, tana ina a nan?"

"Me ya kawo Madina a darasina?"

"Ni dai ina son in ga inda zan je in Allah ya kira ni. Laifi ne?"

"Ba laifi. Miƙe zaren ta gabas. Kin ga wannan ɗan ɗigon? Ita ce. A wane ƙulli ta faɗa?"

"Ta wuce na biyar da kaɗan."

"Na bakwai fa?"

"Ai ya yi gaba can. Ya tsallake ƙasar gaba ɗaya, har ya kai bakin wani ruwa."

"To, a irin wannan nisan aka yi ta. Ban san garin ba, ba kuma zan yi ƙarya in ce na sani ba, zare nisa kawai yake faɗa. Amma inda bai bi ba, wannan na sani. Tsakanin ɗigon nan da inda yatsanki yake, ya ninka daga nan zuwa Legas."

"Ke nan mutanen Madina ba su ji ba?"

"Ko shayinsu bai zube ba."

Can sai Hajo ta yi magana, ba da Malam ba, da Lauratu.

"Lauratu, ce masa ya sake aunawa. Zare yakan saki."

Malam ya ce gaskiya ne, zare yakan saki, a sake. Lauratu ta kama za ta ƙirga, sai ga Hajo ta taso ta durƙusa kusa da ita. "Kawo nan, ba ki miƙar da shi sosai." Ta kama zaren daga gindin allura, ta bi ƙulle-ƙullen da babban yatsa kamar mai jan carbi, har ta kai na bakwai. Ta ja shi ta miƙar, ta zagaya da shi a jikin ƙwallon a hankali, ta dawo. Ta gwada kai ƙullin kan ɗigon Madina, zaren ya yi sako-sako, ya lanƙwashe, ya ƙi zama. Ta sake gwadawa, ya sake ƙi. Sai ta saki zaren, ta ɗora yatsanta a kan ɗigon ta bar shi a nan. Malam ya sami abin dubawa a kwamfuta, Lauratu kuma ta tuna tana da wuta a murhu.

Suna haka Maitama ya yi sallama daga zaure. "Inna, mota ta cika, ke kaɗai ake jira."

Hajo ta ɗauke yatsanta, ta gyara zama. "Yi tafiyarka, ɗan nan, Allah ya tsare hanya. Na tuna akwai sauran shinkafa a ƙasan tukunya."

Ta zare gyalen ta ninke, ta ce wa Lauratu ita fa tana mamakin mutanen da ke ɓata yammacinsu a kan wasan zare, ta yi sallama ta fita, ta bar rariyar a kan tabarma. Da aka buɗe layi bayan wasu makonni, Jibril ya kira, kuma a bakin mutanen Ƙarfi ya fara jin cewa wai an yi girgizar ƙasa. Uwarsa ta karɓi wayar ta ce "To," ta ce "Madalla," ta miƙa wa ƙannensa.

Amma wannan daga baya ne. Washegarin Lahadin nan, da safe, Malam ya kunna rediyo ya ƙara mata murya yadda za ta tsallaka katanga. Aka ce a kudancin Iran abin ya faru, kusa da bakin teku, an ji shi har ƙasashen da ke tsallaken ruwa, gidaje sun tsattsage, kuma wani saurayi ya rasa ransa. Malam ya ɗauko zare ya duba, wurin na kan ƙulli na bakwai. Ya ce bai ji daɗin da ya saba ji ba in awonsa ya yi daidai.

Ranar Hajo ta fito da tanda kamar kullum, ta soya waina fiye da ta kullum, amma duk wanda ya miƙo hannu zai biya sai ta ture hannun. Sadaka ce, in ji ta. Masu zuwa gona suka ci, 'yan makaranta suka ci, Maitama ma da ya jawo abin ya ci har ya nemi ƙari. Lauratu ta leƙo ta ce, "Yaya Hajo, sadakar mece ce haka da sassafe?"

"Ɗan wata ne ya rasu a can," in ji Hajo, tana juya waina. "Saurayi ne, an ce. Uwarsa na can yanzu."

Sai hawaye suka zubo mata. Matar da ba a taɓa ganin hawayenta a kan ɗa ba, ta zauna a ƙofar gida, a gaban kowa, ta yi kuka sosai, ba ta rufe fuska ba, ba ta kuma daina juya waina ba. Kukan makonni ne, kowa ya sani, kuma ga shi ta sami ɗan da ba kunya a yi kuka dominsa. Mazan da ke tsaye suka sunkuyar da kai suna cewa Allah ya jiƙansa, Allah ya ba uwarsa haƙuri. Ba wanda ya ambaci Madina, kuma wannan na daga cikin abubuwan da ke sa mutum ya ji yana son garin nan har cikin ransa.

Malam Mahadi, mai sauraron ƙasa, mun gode. Kai ne ka haɗa tarkacen da kowa ya yar, ka sa ƙaramin gari ya riƙa jin motsin duniya. Kai ne ka koya wa 'ya'yanmu su ce "ban sani ba" a inda ba su sani ba, su kuma tsaya da ƙafafunsu a inda suka sani. Kai ne ka auna sau uku kafin ka buɗe baki, sannan ka san yadda za ka miƙa wa dattijuwa gaskiya ba tare da ka taɓa mata mutunci ba. Wannan na ƙarshen ba a kwamfuta ka koye shi ba. Muna kuma gode wa Lauratu, wadda ta sadaukar da wurin shanya da zaren hula, ta kuma yarda ta zama daƙiƙiya na yammaci guda.

Ku kuma matasan da kuka yi karatu, kuna yawo da duniya a aljihu, ku je ku zauna da shi tun yana da ƙarfin nuna muku. Ku koyi karanta layin, ku koyi ɗaura zaren, ku lura kuma da yadda yake duban wanda ke gabansa kafin ya yi magana. Ba sai kowa ya gina wa ƙarfe ɗaki ba. Kowa na da ɗan abin da ya sani, kuma kowa na da maƙwabcin da wata rana zai shigo da damuwar da ba zai iya faɗa ba.

Allah ya ba ka hutu mai albarka, Malam, ya ƙara wa idonka haske, ya sa ka daɗe kana jin ƙasa tana kwance lafiya. Allah ya dawo wa Hajo da wancan cikin ƙoshin lafiya. Shi kuma ɗan baiwar Allah na bakin teku, wanda aka ci wainar sadakarsa a Ƙarfi ba a san sunansa ba, Allah ya jiƙansa, ya sanyaya zuciyar uwarsa.